Zuwa ga ɗana: abin da na koya a bakin gadon baffanka

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu ma nan lafiya lau, sai dai kewar baffanka da har yau ba ta sake mu ba. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan jikarta.

Za ka yi mamakin doguwar takarda daga wurina alhali kusan kullum muna magana ta waya. Na lura da kai ne. Da zarar na ɗauko zancen lafiya sai ka ce, "To Baba, in sha Allah," ka karkatar da hirar wani wajen, ni kuma in ƙyale ka. Wannan karon ba na son a katse ni. Ka samu wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, in ka gama ka adana ta, domin akwai abubuwa a ciki da sai nan gaba za ka ga amfaninsu.

Wata huɗu na yi ina jinyar baffanka. Kai ka zo sau biyu, kuma duk ranar da za ka zo sai ya sa a canza masa riga, a tayar da shi zaune, don kada ka ga yadda ya koma. Ni na ga abin da ya ɓoye maka. Na ga idonsa ya rikiɗe ya zama rawaya, cikinsa ya kumbura, hannayensa suka zama kamar sillen kara. Mutumin da ke saɓa buhu shi kaɗai ya koma kofin ruwa yana gagararsa. Duk da haka, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar da wata matashiyar likita ta yi mana ranar da sakamako ya fito ya nuna ciwon dajin hanta ne. Ta ce, "An taɓa yi masa gwajin ciwon hanta?" Muka kalli juna, babu mai amsa. Ta ce ƙwayar cutar da ta jawo masa wannan daji mai yiwuwa tun yana yaro take jikinsa, ta shekara fiye da arba'in tana ɓarna a ɓoye, kuma da an gano ta da wuri akwai abin yi. Ban yi barci ba daren nan. Tun daga ranar nake tambayar likitoci, nake karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi, kuma abin da na tattara ne nake son in damƙa maka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 20 ne aka gano suna da ciwon daji, kuma kimanin miliyan 9.7 suka rasu sanadiyyarsa. Cikin kowane mutum biyar, ɗaya zai gamu da shi a tsawon rayuwarsa. Waɗannan alƙaluma suna da ban tsoro, amma akwai wani da ya fi su muhimmanci a wurina: hukumar ta ce tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ciwon daji ana iya kauce masa. Ni da na girma ina ɗaukar wannan ciwo kamar tsawa, wadda in ta faɗo ta faɗo, sai ga shi ana gaya mini cewa kusan rabinsa yana bin hanyoyin da aka sani, waɗanda mutum zai iya toshewa.

Ga yadda na fahimci abin. Jikin mutum ginin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kowace tana ɗauke da rubutaccen umarni na yadda za ta yi aiki, da lokacin da za ta hayayyafa, da lokacin da za ta mutu. Kullum tsofaffi suna mutuwa, sababbi suna maye gurbinsu, kuma kowace sabuwa sai ta kwafi wannan rubutu. Mai kwafa kuwa ba ya rasa kuskure. Jiki yana da masu gyara, suna bi suna gogewa, amma hayaƙin taba da giya da wasu ƙwayoyin cuta suna ƙara yawan kurakuran har su fi ƙarfin masu gyaran. Kuskure ɗaya ba ya zama daji. Sai sun taru, wani kan wani, shekara 20 ko 30, kafin wata ƙwaya ta manta da umarnin tsayawa, ta yi ta hayayyafa babu linzami. Aikin gara ke nan a jikin azara: daga waje itace lafiya ƙalau, ranar da rufi ya rufta a ce abin ya zo ba zato. Shi ya sa nake rubuta maka yanzu da kake da shekara 31, kana jin ƙarfi, babu inda ke maka ciwo. Abin da za ka tarar a shekara 60, a waɗannan shekarun ake shuka shi. Kada kuma ka ce ai gado ne, tunda ya kama baffa sai abin da Allah ya yi. Wanda ake gada kai tsaye daga iyaye bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba.

Yanzu bari in zo inda ya fi mini nauyi. Ƙanwarka ta nuna wa mahaifiyarka wani hoto, kai da abokanka, da tulun shisha a tsakiyarku, bututun yana hannunka. Kada ka yi fushi da ita, tsoro ne ya sa ta. Ni kuma ba zan yi maka faɗa ba, don ba ni da bakin yi. Na fara shan sigari ina da shekara 19, ban rabu da ita ba sai da na kai 41. Kana ɗan shekara tara a lokacin, kana fama da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, muka kai ka asibiti karo na uku. Wata nas ta matso ta karɓe ka daga hannuna, sai ta tsaya, ta dube ni ta ce, "Malam, wa ke shan taba a gidanku?" Warin rigata ta ji. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau in na tuna cewa da hannuna na riƙa zuba maka hayaƙi a huhu, sai zuciyata ta yi nauyi. Sau huɗu ina bari ina komawa kafin Allah ya ba ni iko. Saboda haka na san daɗinta, na san yadda take kama mutum, na kuma san ƙaryar da mai sha ke yi wa kansa cewa duk ranar da ya ga dama zai daina.

A hayaƙin taba akwai sinadarai fiye da 7,000, kuma kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo ciwon daji. Kimanin kashi 85 cikin 100 na dajin huhu daga taba yake. Kuma ba a huhu ta tsaya ba. Tana taɓa baki da maƙogwaro da hanyar abinci da tumbi da hanta da hanji da ƙoda, har da mafitsara, domin dafin yana shiga jini, ƙoda ta tace shi, ya je ya kwanta a mafitsara na sa'o'i kafin mutum ya fitar.

Akwai wani labari da na karanta da ya burge ni. A 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a asibitocin Landan kan dalilin da ya sa dajin huhu ke ta ƙaruwa. Shi Doll da farko hayaƙin motoci da kwaltar titi yake zargi, kuma shi kansa mashayin taba ne. Da ya ga inda alƙaluma suka nufa, tun kafin a kammala binciken ya ajiye ta. A 1951 suka fara bibiyar likitocin ƙasar, maza fiye da 34,000, aka yi ta binsu har shekara 50. Sakamakon da aka fitar a 2004 ya nuna cewa wanda ya zarce da sha yana rasa kimanin shekara 10 daga rayuwarsa, kuma rabin masu zarcewar taba ce ke zama ajalinsu. Amma ga inda nake son ka tsaya ka duba. Wanda ya daina yana da shekara 60 ya ceto kimanin shekara 3, mai 50 ya ceto 6, mai 40 ya ceto 9, wanda kuwa ya daina a wajen 30 kusan duka ya ceto. Ni a layi na uku na samu shiga. Kai ƙofar da ta fi kowace faɗi ce a buɗe gabanka.

Na san abin da za ka ce: ai shisha ce, ba sigari ba, kuma ruwa yana tace ta. Ruwan nan sanyaya hayaƙi kawai yake yi, ba ya cire dafi, sanyin ma shi ke sa mutum ya zuƙa da zurfi ba tare da ya ƙware ba. Ƙamshin 'ya'yan itacen da ake sa mata ya rufe ɗacin da zai gargaɗe ka. Ga kuma gawayin da ke ci a kanta, yana ƙara nasa gubar. Sigari ɗaya minti biyar ne ko shida ta ƙare, zaman shisha kuwa sai a kwashe awa guda, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa yawan hayaƙin da mutum ke zuƙa a zama ɗaya yana iya kai na sigari 100. Tabar shaƙa da ta taunawa ma ba mafita ba ce, su baki da dasashi suke ci.

In ka yi niyyar bari, ga abin da ya yi mini aiki a karo na ƙarshe. Na sa rana, na gaya wa mahaifiyarka, don in ji nauyin komawa. Na ƙaurace wa wurin da muke zama muna sha har wata uku, kuma wannan ya fi barin tabar kanta wuya, don akwai mutanen da nake ƙauna a wurin. Na kuma gane cewa ƙishinta in ya taso ba ya daɗewa, mintoci ne, in ka tashi ka taka ko ka sha ruwa sai ya lafa. Yau ma an fi zamaninmu sauƙi, akwai cingam da filasta masu ɗauke da nikotin da likita zai iya rubuta maka, su riƙe ka har jiki ya saba. Nikotin shi ne ƙugiyar da ke riƙe mutum, hayaƙin ne mai kisa. Bayan shekara 10 da dainawa, haɗarin dajin huhu yana raguwa zuwa kusan rabin na mai sha. Kafin ka daina, don girman Allah kada hayaƙin nan ya kusanci jikata, ko a ɗaki ko a mota.

Giya ban san ka da ita ba, kuma ina roƙon Allah kada in sani. Zan faɗa ne kawai saboda irin wuraren da aiki ke kai ka, inda za ka ji ana cewa kaɗan ba ta da illa, har wai tana gyara zuciya. In ta shiga jiki, hanta tana juya ta zuwa wani sinadari mai lalata wancan rubutu na ƙwayoyin halitta, kuma an tabbatar tana jawo daji aƙalla iri bakwai, ciki har da na baki, na hanta, na hanji da na mama. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce babu wani adadi nata da za a kira marar haɗari.

Sai maganar da ta ɗauke mana baffanka, ciwon hanta nau'in B. A 2022 mutum kimanin miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma waɗanda suka san suna da shi ba su wuce kashi 13 cikin 100 ba. Sauran suna yawo kamar yadda baffanka ya yi, suna aiki, suna dariya, hanta tana ƙeƙashewa a hankali. Ana ɗaukarsa ta jini da ruwan jiki: daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, tsakanin yara ƙanana ta ƙuraje da raunuka, ta reza ko allurar da wani ya yi amfani da ita, da kuma ta saduwa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko musafaha, saboda haka babu dalilin ƙyamar mai shi. Babba in ya kamu, galibi jikinsa yana korar cutar. Jariri kuwa, kusan tara cikin goma tana zama tare da su har abada, kuma su ne daji ke jira a gaba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne allurar rigakafinsa tana nan tun 1982. Taiwan ta fara yi wa jariranta a 1984, kuma ba a jima ba aka ga dajin hanta ya ragu a tsakanin yaran da aka yi wa. Allura uku ce ga babba. Jariri kuwa ana son a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Bayan rasuwar baffanka duk muka je gwaji. Ni ba ni da ita, an fara mini allura. Gwaggonka tana da ita. Ta yi kuka sosai, amma likita ya kwantar mata da hankali: akwai ƙwayar magani da ake sha sau ɗaya a rana wadda ke danne cutar ga wanda yake buƙata, kuma za a riƙa duba hantarta duk bayan wata shida, ta yadda ko wani abu ya fara za a tare shi yana ƙarami. Ita ta samu damar da ɗan'uwanta bai samu ba. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gwajin nan ɗigon jini ne. Ka yi, matarka ta yi, ka kuma buɗe katin rigakafin yarinyar nan ka tabbatar an yi mata. A wurin gwajin ka ce su haɗa da ciwon hanta nau'in C, shi ba shi da allurar rigakafi amma yana warkewa da maganin kusan wata uku. Kuma ka mallaki kayan askinka.

Akwai wani abokin tafiyar wannan cuta da mutane ba su sani ba. Hatsi da gyaɗa da masara in aka ajiye su da danshi suna yin funfuna, kuma wata irin funfunar tana fitar da dafi mai suna aflatoksin da ke zuwa kai tsaye ga hanta. Dafuwa ba ta kashe shi. In ya tarar da ciwon hanta a jiki, haɗarin ninkuwa yake yi sau da yawa. Duk abin da ya canza launi, ko yake warin ruɓa, ko ka ji ɗaci a bakinka, a zubar, kada a ce asara ce.

Zuwanka na ƙarshe kowa yana cewa ka yi kyau, hutu ya karɓe ka. Ni tumbin nake kallo. Daga gado zuwa mota, daga mota zuwa kujerar ofis, daga nan zuwa gaban talabijin, haka ranarka take, kai ka faɗa mini da bakinka. Ashe kitsen ciki ba kaya ba ne da aka ajiye yana kwance. Yana aiki, yana fitar da sinadarai da ke ingiza ƙwayoyin halitta su yi ta hayayyafa, yana hana jiki sauraron insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yana kunna wani kumburi na ciki da ba a ji amma ba ya mutuwa. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta danganta ƙiba da daji iri 13. Ga awo mai sauƙi da ba ya buƙatar sikeli: ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ƙugunka da ita. In bakinta bai haɗu ba, akwai aiki a gabanka. Abin da ake so ga babba shi ne motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, wato ko rabin awa a rana sau biyar. Tafiya da sauri ta isa, irin wadda za ka iya magana amma numfashi ba zai bar ka ka rera waƙa ba. Kada ka jira sai ka sayi na'ura ko ka yi rajista a wani wuri, masu jiran wannan har yau suna jira.

Abinci kuwa ba zan cika ka da dokoki ba, don na san ba za ka bi ba. Ka riƙe kaɗan. Ganye da 'ya'yan itatuwa su kai giram 400 a rana, wato kamar cikin tafin hannunka sau biyar. Ka fifita hatsin da ba a cire masa dusa ba, da wake da danginsa, domin suna sa abinci ya wuce hanji da sauri, kuma suna rage haɗarin dajin hanji. Naman da aka sarrafa, irin na gwangwani da sosej da wanda aka adana da gishiri da sinadarai, a 2015 waccan cibiya ta Liyon ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, ta ce giram 50 kullum yana ƙara haɗarin dajin hanji da kimanin kashi 18 cikin 100. Kada wannan ya firgita ka har ka ɗauka daidai yake da taba, tazarar da ke tsakaninsu mai nisa ce, amma abin da za a ci jefi-jefi ne. Jan nama ba a hana ka ba, sai dai kada ya wuce rabin kilo dafaffe a mako, kuma inda wuta ta ƙona ya yi baƙi ka yanke ka yar. Gishiri kada ya haura giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, don yawansa yana da hannu a dajin tumbi. Lemon kwalba kuwa sukari ne a narke, kuma tumbin da muka yi magana a kansa yake ciyarwa. Wani abu da ni kaina sai kwanan nan na gyara: abin sha mai tsananin zafi, wanda ya haura digiri 65, yana ƙona hanyar abinci, kuma ana kyautata zaton yawan ƙunar yana kai ga daji. Ka bar kofi ya huce minti kaɗan.

Za ka haɗu da masu tallan ƙwayoyi da garin magani da suke cewa suna wanke jiki, suna hana daji. Riƙe kuɗinka. A Finlan an taɓa gwada wannan tunani a kan maza masu shan taba kimanin 29,000. Aka riƙa ba wasunsu ƙwayar sinadarin nan da ke ba karas launinsa, da fatan zai kare huhunsu. Da sakamako ya fito a 1994, dajin huhu ya fi yawa a cikin waɗanda suka sha ƙwayar. Alherin da ke cikin karas, a cikin karas ɗin yake.

Akwai maganar da ta fi dacewa da bakin mahaifiyarka, kuma za ta yi wa matarka, amma kai ne mai kai ta asibiti, don haka dole ka sani. Dajin bakin mahaifa ya kashe mata kimanin 350,000 a 2022, alhali yana cikin waɗanda suka fi sauƙin tarewa. Ƙwayar cutar HPV ce ke jawo kusan dukkansa. Wani likitan Jamus, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙar, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008, kuma allurar rigakafinta ta fito tun 2006. Ana yi wa 'yan mata tsakanin shekara 9 zuwa 14. Jikata tana da sauran lokaci, amma ka rubuta a wani wuri, kuma ranar da lokacin ya yi kada ka saurari masu jita-jita. Matarka kuwa daga shekara 30 ya kamata ta fara zuwa gwajin bakin mahaifa, wanda ke gano canji tun shekaru kafin ya zama daji, a magance shi a zama ɗaya. Ta kuma san jikinta, in ta ji wani ƙullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya ciwo, a je a duba a makon. Shayarwar da take yi ma kariya ce gare ta, ka taimaka mata a kai.

Duhun fata yana kare mu daga rana ƙwarai, amma bai sa mun fi ƙarfin dajin fata ba. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, daga wani baƙin tabo a ƙarƙashin farcen ƙafa nasa ya fara, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Tabon da ke girma ko canza kama a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce abin nunawa ne. Hayaƙin dizal ma an tabbatar da illarsa tun 2012, don haka injin wuta ya yi nesa da taga, ɗakin girki kuma ya samu iska.

Baffanka ya shekara guda yana jin nauyi a gefen cikinsa na dama, yana cewa gajiya ce. Wannan hali namu ne duka, ni da kai da shi, muna ganin zuwa asibiti kamar ragwanci. Ina so ka karya shi. Tarin da ya wuce mako uku, ramar da ba ka san dalilinta ba, abinci yana tsaya maka a wuya, gyambon baki da ya ƙi warkewa, jini a fitsari, ko yanayin bayan gida ya canza ya ƙi komawa daidai, duk waɗannan a kai wa likita. Jini a bayan gida musamman, kada ka yanke wa kanka hukunci cewa basir ne, mutane da yawa sun yi shekara suna shan maganin basir alhali daji ne a hanji. In olsa ta dame ka, ka nemi a gwada ka ko akwai ƙwayar cutar nan ta tumbi da ake kira H. pylori, ita ce babbar mai jawo dajin tumbi, kuma maganin mako biyu yana kashe ta. In ka kai shekara 45, ka tambayi likita batun gwajin hanji ko ba ka jin komai. Mafi yawan lokuta za a ce maka ba wani abu ba ne, ka dawo gida da kwanciyar hankali. In kuma wani abu ne, dajin da aka kama da wuri sau da yawa ana warkewa sarai. Zancen da ake yi cewa in ƙarfe ya taɓa shi bazuwa yake yi, wannan zance ya kai mutane da yawa kabari. Jinkirin da aka yi kafin a je shi ne ya ba shi damar bazuwa.

Kada ka fahimce ni a karkace. Baffanka bai taɓa sa taba a bakinsa ba, ni na sha shekara 22, ga shi ni ne na tsaya a kan kabarinsa. Akwai wanda zai kiyaye komai kuma ciwon ya same shi, saboda haka duk wanda ka gani a kwance kada ka ce shi ya jawo wa kansa, addu'a da taimako yake buƙata. Rai da ajali na Allah ne, ban taɓa shakka ba. Amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma jikin nan amana ce a hannunka, yanzu ma ba naka kai kaɗai ba ne, akwai mace da yarinya da suka jingina da shi.

Abu biyu nake so kafin watan nan ya ƙare. Ku je gwajin hanta kai da matarka, ka kira ni ka karanta mini sakamakon da bakinka, kowane iri ne. Sannan ka gaya mini ranar da ka sa don rabuwa da shisha, ni kuma zan riƙa kiranka kowane dare a makonnin farko, don na san lokacin da ta fi damun mutum. In ka zame ka koma, ka faɗa mini, ba za ka ji faɗa daga bakina ba, sai mu sake sa wata ranar. Sauran abubuwan mu bi su a hankali. Ni yanzu kowace safiya ina tafiyar minti arba'in, gwiwa tana ɗan damuna amma ina yi. In za ku zo hutu ka taho da takalmin da za ka iya tafiya da shi, mu riƙa fita tare.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce mata na gode da ɗawainiyar da ta yi lokacin zaman makoki. Allah ya yi muku albarka, ya raya mana yarinyar nan, ya jiƙan baffanka.

Naka,
Mahaifinka